Kiɗan da Kawu Ya Raba Mana

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a ƙofar gidansa da ke unguwar Ƙiblatain a Madina, yana zaune a kujerar roba, da butar gahawar wani a cinyarsa bai gama like mata baki ba. Kafin La'asar an yi masa wanka an kai shi Harami, aka jera shi da sauran gawawwakin ranar. Mai sanarwa ya ce a yi salla ga mamata, bai ambaci sunan kowa ba, don haka ake yi a nan. Muka bi shi Baƙi'a da sauri, aka saka shi, aka ɗora dutse irin na kowa. Na juya in amsa gaisuwar wani, da na waiwayo na kasa gane wanne ne nasa. Ban yi kuka ba. Yunwa ma na ji, na kuma ji kunyar jin ta.

Kwana uku aka jera kujeru a lungu daga Magariba zuwa Isha'i, ina zagayawa da gahawa ina sauraron abin da kowa ya zo da shi. Ɗaliban jami'a suka zo a rukuni, babbansu ya riƙe hannuna ya ce, "Dakta, wannan shi ne kyakkyawan ƙarshe. Mutum ya yi shekaru yana busa a otal, ga shi yau a Baƙi'a." Wani likita ɗan Zariya ya ce, "Ashe makaɗi ne? Wallahi ni na ɗauka mai gyaran buta ne tun fil azal." Maƙwabcinmu Balarabe ya yi mana gaisuwarsu, ya ce duk butar da marigayi ya taɓa ba ta sake yoyo. Wani tsoho daga cikin Hausawan Sudan ya ce ya taɓa ganinsa a Hartum da farar kwat, mutane na hawa kan kujeru don su hango shi, sai na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa, ya yi shiru. A kan abu ɗaya kowa ya haɗu: Allah ya shirye shi, ya tuba, ya bar kiɗa. Ni dai amin nake ta cewa.

Abin da ke kaina daban ne. Kawu ya bar wani kiɗa da ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana haɗawa, bai rubuta shi ba, bai ɗauke shi a kaset ba. Ya raba shi ne gida huɗu ya zuba a bakin mutum huɗu: ni, da Inna matarsa, da tsohon abokinsa da muke kira Baba Direba, da Ustaz mijin 'yarsa. Ba mu taɓa haɗuwa mun yi shi tare ba. Ustaz kuwa ya gama digirinsa na uku, an buga masa bizar fita ta ƙarshe, ranar Lahadi jirginsu zai tashi. Idan ya tafi ba mu haɗu ba, shi ke nan. Ga wata kuma: Ustaz bai san yana ɗauke da komai ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ban san shi ba sai da na zo Madina a tsakiyar shekarun casa'in na kama aikin haɗa magani a wani asibiti, ya ba ni ɗakin sama. A Kano labarinsa kawai muke ji, shi ma ƙasa-ƙasa. Ya shiga badujalar 'yan sanda yana saurayi, a can ya koyi karanta rubutun kiɗa, wanda yake kira ƙwai a kan igiya. Wani ɗan Saliyo a Sabon Gari ya fara ba shi saksofon ya riƙe. Shi bai taɓa kiran abin da wannan suna ba, ƙaho yake cewa. Daga nan ya cire kaki ya bi 'yan jaz: otal-otal na Kano da Kaduna, Ikko, sai Cadi, sai Hartum, inda ya yi ƙungiyarsa ta kansa ya kuma auri Inna. Ya tsallako aikin Hajji da ƙahon a cikin buhun gero, bai koma ba.

Idan na tambaye shi mene ne jaz ɗin ma, sai ya ce, "Likitan ƙwaya, ka taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Kowacce da lokacin saukar taɓaryarta, ba mai buge wata, ɗaya kuma ta jefa tata sama ta tafa kafin ta cafe. To, mai jefawar nan ni ne." Abin da ya yi suna da shi ke nan a zamaninsa. Yakan ɗauko karin lugude, ko kiran mai tallar fura, ko taken da ake yi wa mahauta, ya shimfiɗa wa 'yan ƙungiyarsa, shi kuma ya hau kai. Ya ce Turawan otal sun ɗauka daga Amurka ya kwaso.

Sau ɗaya tak na ji ƙahon. Shekarata ta biyu a nan mahaifiyata ta rasu, wurin aiki suka ja mini takardar fita har aka yi bakwai ban je ba. Na zama kamar buhu, in je aiki in dawo in kwanta. Wata Alhamis Kawu ya ce in sa takalmi. Baba Direba, wanda asalinsa ɗan Cadi ne kuma shi ke buga wa Kawu ganga a da, yana ɗaukar dabino daga Khaibar a babbar mota. Muka shige gaba mu uku, wani dogon ƙunshi a ƙarƙashin ƙafar Kawu. A bayan wata gonar dabino, wajen baƙaƙen duwatsun nan, ya kwance ƙunshin. Ya daɗe yana tsotsar ɗan karan da ake sawa a bakin ƙahon kafin ya ɗaura shi.

"Wannan na uwarka ne," in ji shi. "Tana da shekara tara na yi mata shi. In an aike ta ɗiban ruwa haka take tafiya, taku biyu da sauri, ɗaya da jan ƙafa, don ba ta son aiken."

Ya busa. Wallahi tafiyarta ce, har ta tsufa haka take yi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba wata guda, Baba Direba yana buga murfin mota da tafin hannu yana kallon wani wajen. Da Kawu ya gama ya goge ƙahon da gefen rigarsa ya ce yunwa yake ji.

Ba a yi shekara biyu ba haƙoransa na sama suka fara zubewa. Mai busa irin wannan ƙaho da haƙoran sama yake dafe shi. An yi masa na roba, ya gwada sau biyu a Khaibar, abin bai yiwu ba, ya dawo ya ajiye ƙahon. Mutanen unguwa da suka ji ya daina zuwa can suka shiga yi masa barka. Ya ce da ni, "Sun ce na tuba. Ni kuwa haƙora ne suka tuba, ban da ni." Bayan wata biyu na same shi a rumfarsa ya sa almakashin ƙarfe yana yanka ƙahon. Na yi ihu. Ya ce tagulla ce mai kyau, ba a samun irinta a kasuwa yanzu, ya ci gaba da yankansa. Da ita ya yi ta facin butocin mutane har ta ƙare.

Rigimarsa da Ustaz ta riga wannan. Ustaz mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin karkataccen hoto a bangon wani su ƙyale. Sabon aure, ya zo gaisuwa, ya ga littattafai goma sha a kan kanta cike da ƙwai a kan igiya. Ya tambaya aka faɗa masa. Sati na zagayowa ya dawo da nasa littattafan, ya durƙusa, ya yi wa surukinsa nasiha cikin ladabi na kusan awa guda. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe ɗaya daga cikin nasa ya miƙa masa.

"Karanta mini inda haramun ɗin yake, in goge shi."

"Baba, ai ban iya karanta wannan ba."

"To, ni na iya karanta naka."

Ustaz ya tashi ransa a ɓace, 'yar Kawu ta yi sati tana kuka tsakanin uba da miji. Kawu ne ya sauko, amma saukowa irin tasa. Ya kwashe littattafan ya kai rumfa, duk butar da ya gyara sai ya yage shafi ya naɗe ta a ciki ya ba mai ita. Aikin shekara talatin ya tafi a haka. Na ce masa wannan fushi ne ba tuba ba. Ya ce, "Zaman 'yata ya fi takarda. Amma ka bar ni da shi."

Daga nan ya koma zuba kiɗa a cikin mutane. Ni ya fara kamawa. In na dawo daga aiki sai ya ce in zauna, ya rera wani ɗan kari da baki a rufe, ya ce in maimaita. Ba ni da murya, ya kuma faɗa mini haka kullum. "Kai muryarka ta lissafin ƙwaya ce, ba ta hawa ba ta sauka. Shi ya sa nake son ta, ba za ka yi mini ƙari ba." Idan na riƙe nawa sai shi ya bi ta kai da bakinsa, ba-du-ba-di, yatsunsa na tafiya a jikin sukundireba kamar maɓallan suna nan. Inna ya ba ta nata a kicin, siriri, can sama, tana yi tana tsince shinkafa tana cewa tsohon nan zai sa a kore su daga unguwa. Baba Direba ya karɓi bugun, yana yinsa a sitiyari daga nan har Khaibar. Kowa shi kaɗai yake yi da Kawu. In na ce yaushe za a haɗa, sai ya ce bai nuna ba tukuna.

Na Ustaz a gabana aka yi. Ranar sunan ɗansu na fari jaririn ya ƙi yin shiru, mata sun yi sun gaji. Kawu ya karɓe shi ya fito da shi zaure ya ɗora wa uban a kafaɗa. Ya ce, "Muryarka ta fi tawa kauri. Yi masa haka." Ya rera wani abu mai nauyi, taku huɗu yana sauka, huɗu yana hawa. "Waƙar reno ce ta uwata a Fagge." Ustaz ya yi, yaro ya yi barci. Kawu ya kalle ni ta gefen ido, na duƙar da kai. Shekara takwas ke nan, 'ya'ya huɗu Ustaz ya rena da ita, har a layin Harami na taɓa jin yana yinta a maƙogwaro bai sani ba.

Ranar Juma'a bayan an tashi daga makoki na sami Ustaz a gidansu da ke unguwar Al-Ranuna, yana ɗaure kwalayen littattafai. Na shirya magana tun a mota, da na zauna duk ta gudu. Sai kawai na rera masa abin.

Ya ce, "Ta kakarku ce. Allah ya jiƙan su duka."

"Ustaz, kakarmu ba ta taɓa jin wannan ba. Kawu ne ya haɗa shi. Gindin kiɗansa ne na ƙarshe, kai ya ba wa."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

"Jaz?"

"Jaz."

"Shekara takwas, Dakta. Kuma kana sane."

"Ina sane."

"Baba ya yaudare ni."

"Ya yaudare ka," na ce, don ba ni da ƙarfin kare kowa. Na faɗa masa abin da nake so: gobe bayan La'asar, mu huɗu, sau ɗaya, in ɗauka a kaset. Ba ganga ba ƙaho, baki ne kawai da tafin Baba Direba a cinyarsa. Na ce in ya ƙi ba zan riƙe shi a zuciya ba, kuma gaskiya na faɗa, don a kwanakin nan ba abin da ke kama ni. Ya tambaye ni ko ina da salatif a mota, na ɗauko masa, na taya shi like kwali uku na tafi.

Inna ma sai da aka sha fama. Tana takaba, ga baƙon namiji, ga kuma suruki, wanda tun da ya auri 'yarta ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba, in ta ji sallamarsa ta bar wurin ke nan. Ta ce, "Ɗan nan, so kake in buɗe baki in yi waƙa a gaban mijin 'yata, mijina bai yi bakwai ba?" Na ce za a saki labulen tsakanin zaure da tsakar gida, ba mai ganinta. Ta ce Ustaz ba zai zo ba ma, don haka ta yarda.

Ya zo. Ya shigo da farar jallabiyarsa ya gaida labule, labule ya amsa a taƙaice, ya zauna a bakin ƙofa kamar mai jiran a kira shi ya tafi. Baba Direba ya naɗe hannun riga. Taubashina, babban ɗan Kawu, haifaffen nan, mai shagon waya, shi ya kawo rikodar. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, kuma tun yana saurayi ya ce shi ba ruwansa da abin tsohon. Ya danna maɓalli ya ce, "Yalla."

Baba Direba ya fara a cinyarsa. Ustaz ya rufe ido ya shigo a ƙasa. Na ƙirga takwas yadda aka koya mini na shiga. Sai muryar Inna ta fito ta bayan labule, tana rawa da farko, daga baya ta tsaya. Ban taɓa jin su a haɗe ba, ba su taɓa jin nawa ba, amma kowa ya faɗa gurbinsa daidai, inda nake numfashi nan Inna take hawa, inda take sauka nan Ustaz yake juyawa. Tsikar jikina ta tashi, karo na farko tun ranar Talata da na ji wani abu. Taubashina ya bar wasa da makullin motarsa.

Muka yi zagaye biyu. A ƙarshen na biyu nawa ya ƙare, na yi shiru. Inna ma ta yi shiru a daidai wurin. Saura bugun Baba Direba da muryar Ustaz, suna tafiya, ba kowa a kansu.

"Lesh waggaftu?" in ji taubashina, wai me ya sa muka tsaya.

"Nan ne yake shiga," in ji Inna.

Na matsa kusa da labule na ce a hankali, "Inna, ba ke ya ba wa nasa ba?"

"Ni? Na ɗauka kai ya koya wa, kai da kuke zama kullum."

Na juya ga Baba Direba. Bai daina bugu ba, ya girgiza kai. "Ya waladi, ɗana, wannan ba a ba da shi. Tun muna Cadi bai taɓa busa wurin nan iri ɗaya sau biyu ba. Mu dai mu riƙe masa ƙasa, in ya gama ya ɗaga kafaɗar hagu, kowa ya dawo."

Sama da shekara takwas ina zama da shi ina jin yana bi ta kaina, kullum da sabon abu, ban taɓa kawo wa raina cewa shi ne kiɗan ba. Na ɗauka gwaji yake yi kafin ya tsayar da ɗaya.

Ba wanda ya ce a tsaya. Ustaz bai buɗe ido ba, huɗu yana sauka, huɗu yana hawa, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a jallabiya, muryar ba ta karye ba. Baba Direba ya ci gaba har cinyarsa ta yi ja. Ni da Inna muna jiran inda za mu dawo, kuma ba mai ɗaga mana kafaɗa. A haka kaset ɗin ya kai ƙarshe, rikodar ta yi ƙas ta tsaya da kanta. Sun ƙara zagaye biyu ko uku kafin su lura.

Ustaz ya tashi ya goge fuskarsa da gefen hirami. Ya tsaya a gaban labule ya ce, "Inna, a yafe mini." Ta ce, "Allah ya kai ku lafiya." Washegari na kai su filin jirgi.

Kaset ɗin yana wurina. Minti huɗu na farko mu huɗu ne, sauran duk mutum biyu ne suna riƙe wa Kawu ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, ya sa makwancin da na kasa ganewa ya yalwata a gare shi. Nakan sa kaset ɗin a mota in zan tafi aiki, kuma har yau ban iya kashe shi a tsakiya ba.